Manaja Ya Ƙirga wa Kanada Kwanaki

"Na'ura? Ina raye, ina numfashi, 'yata ta je tana roƙon na'ura ta yi mata lissafi?"

Haka maigidana ya faɗa. Ya ajiye cokali, ya miƙe tsaye a tsakiyar falo, ƙwayar shinkafa na lilo a gemunsa.

Sunansa ba zan kama ba, amma duk Hausawan unguwarmu ta Hor Al Anz a nan Dubai Manaja suke ce masa. Ba manaja ba ne. Akawu ne a wani kamfanin kago da ke aika kaya Kano, shi ke tsayawa a bakin kwantena yana ƙirga katan. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuwa bi shi.

Abin da ya tashe shi tsaye Bilqis ce, 'yarmu ta biyu, wadda ke aikin nas a Kanada. Ta zo mana hutun sati biyu da albishir a bakinta: ta samu aiki a wani asibiti nan Dubai, za ta fara kwana goma bayan Babbar Sallah, kuma in ta fara babu hutu sai ta shekara. Abu ɗaya ya rage mata can, neman zama 'yar ƙasa. Su kuwa mutanen Kanada ba sa sauraronka sai ka cika kwana dubu da casa'in da biyar a cikin ƙasarsu. Duk kwanan da ka yi a waje, babu shi a lissafi. Shirinta shi ne hutu na ƙarewa ta koma, ta ƙarasa abin da ya rage, ta tura takarda, ta tattaro kayanta ta dawo kusa da mu. Laifinta kawai, da ya tambaye ta kwana nawa suka rage, ta ce ba ta ƙirga ba tukuna, akwai na'ura a shafinsu na intanet da ke yin wannan.

"Baba, minti goma ne fa," in ji ta.

"Minti goma! Katan dubu huɗu na ƙirga a kwantena ɗaya, a tsaye, cikin zafin Yuli, ko ɗaya bai ɓace ba. Kwana dubu ne zai gagare ni? Kawo fasfo."

Ta miƙa masa. Ya buɗe, ya rufe bai karanta komai ba, ya zura a aljihun gaba.

"Ba ma na buƙatarsa. Ranar ɗaya ga azumi kika sauka can, ni na kai ki filin jirgi. Azumi ya zagayo, ya sake zagayowa, bana ya zagayo na uku. Shekara uku cif. Daga ɗaya ga azumin bana zuwa ranar da kika taso, kwana saba'in. Murja, in kwanakin yarinyar nan sun cika, me za ta koma yi? Da mu za ta yi Sallah."

Ni ce Murja. Da na ji ya ce Sallah, sai da zuciyata ta yi tsalle. Shekara uku ina soya nama ina nuna mata ta waya. Amma ni mace ce mai faɗuwar gaba, ko lif na shiga sai na karanta abin da ya sawwaƙa. Na ce, "Alhaji, a dai bi a hankali."

"Hankalin ne ke magana," in ji shi.

Washegari ya dawo daga aiki da kilo biyu na wake da robobi huɗu. Kowace ƙwayar wake kwana ɗaya. Robobi uku na shekara uku, kowacce ɗari uku da sittin da biyar, ta huɗun ta kwana saba'in ɗin nan. Ya shimfiɗa darduma, ya kashe fanka kada iska ta ɗauke masa kwanaki, ya ce duk wanda ya yi tari ya fita waje. Sau biyar yana somawa daga farko. Na farko waya ta yi ƙara. Na biyu ni na tambaye shi ko zai sha shayi. Na uku shi da kansa ya tsaya ba mu labarin kwantenar Yuli.

Filat ɗinmu na haɗaka ne. Mu ke da babban ɗaki da falo, ɗaya ɗakin na Dickson ne, mai gyaran AC, da matarsa Clara, mai kitso a wani shago a unguwar Karama. Mutanen Kafanchan ne, shekara shida muna kicin ɗaya. Clara ta dawo daga aiki ta tarar da shi durƙushe a kan wake.

"Baba Manaja, sana'a aka canza?"

"Kanada nake ƙirgawa. Wuce ta gefe."

Bilqis ta shigo a gajiye, don kullum tun safe tana yawon gwajin jini da takardun sabon aiki. Ta ce, "Baba, kar ka manta da zuwana biyu. Na fari kwana ashirin da bakwai, na biyu talatin. Sai an cire su."

"A cire me?"

"Kwanakin da na yi tafiya."

"Tafiya ina? Gidan ubanki kika zo. Wanda ya zo gida ana cewa ya yi tafiya?"

"Su a wurinsu tafiya ce, Baba."

"To su ba su da iyaye ne?"

Clara ta ce, "Rubuta musu haka, Baba Manaja. Ka sa lambar wayarka a ƙasa, su kira ka su ba da haƙuri."

Sai da aka yi rabin awa kafin ya yarda. Ya tsame wake hamsin da bakwai ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori, ya zuba su a kofin shayi ya ce waɗannan fursunoni ne, zai ɗaukaka ƙara a kansu. Jimla kuma ya ce sai gobe, kansa ya yi zafi.

Ni na ce ba za a kwana min da wake a ɗaki ba saboda ƙwari. Ya jera robobin a kantar kicin.

Kashegari da yamma Clara ta aiko mana da alale, mai ƙwai da kifi a ciki. Alhaji ya ci uku. Ya lashe yatsa ya ce tun da ya bar Kano bai ci irinsa ba, ya leƙa ya ce a ƙaro. Ya ci na huɗu. Sannan ya wanke hannu ya shiga kicin ɗauko lissafinsa.

Ihun da ya yi, sai da maƙwabtanmu 'yan Filifin suka buga bango.

"Ina shekara ta biyu?"

Clara ta fito da ludayi. "Wace shekara?"

"Roba mai shuɗin murfi!"

"Au. Nawa ne ya ƙare, na ce bari in ara in biya Mama gobe. Wake mai kyau, ko tsakuwa babu."

"Ni na tsince shi! Da hannuna! Kin niƙe wa yarinya shekara guda!"

"Ni na niƙa, amma wa ya ci huɗu? Wajen wata takwas na cikinka, Baba Manaja. Kar ka yi nisa da gida, Kanada za ta neme ka."

Bilqis ta faɗa kan kujera tana dariya har da hawaye. Ni ma na toshe baki da mayafi, amma hankalina na kan kwana ukun da suka tafi.

Bai karaya ba. Ya ce wake kayan ƙauye ne, dama gwaji yake yi. Ya sayo ɗan carbin zamani, irin wanda ake sawa a yatsa ana dannawa lamba na hawa. Danna ɗaya kwana ɗaya. A jirgin ƙasa na Metro yana dannawa, a bakin kwantena yana dannawa, ana masa sallama yana amsawa da ka. Kwana biyu bayan nan ya shigo yana sheƙi, ya ɗaga yatsa sama.

"Dubu da ɗari huɗu da takwas! Har da cire fursunoni! Yarinyar nan ta wuce abin da suke nema da kwana ɗari uku da sha uku. Clara, duk da abin da kika yi min, in kina son Kanada a yaga miki daga ragowar."

"Na gode, Baba Manaja. A haɗa min da na Dickson."

Dickson mutum ne mai sanyin magana. Yana cire takalmi a bakin ƙofa ya ce, "Manaja, da kuka idar da la'asar, da wane carbi ka yi tasbihi?"

Alhaji ya dubi yatsansa.

"Azahar fa? Da asuba?"

Ɗari bayan kowace salla, sau uku. Alhaji ya zare carbin a hankali ya sa a aljihu.

"Ladan dai yana nan," in ji shi.

Daga nan ya koma ga abin da ya sani. Ya kwaso katan goma sha biyu daga wurin aiki, ya farke su, ya jingina su a tsaye tun daga ƙofar shigowa har kicin, ya liƙe da salatif. Ya ɗauki alƙalamin maka yana jan layi irin na bakin kwantena, huɗu a tsaye ɗaya a gicciye. Wake ana cinye shi, carbi yana ruɗewa, amma katan, in ji shi, bai taɓa cin amanarsa ba. Saboda warin maka ya bar ƙofar filat a buɗe.

Nan mai gadin benenmu ya zo wucewa, wani dattijo ɗan Bangaladash. Ya ga bango ya tashi a inda babu bango jiya. A Dubai kuwa an hana yanka filat da katako a cusa 'yan haya, kuma in aka kama, shi mai gadi ake fara tambaya.

"Fatishan!" ya ƙwala. "Mamnu! Mamnu!" Wato an hana.

"La, la, habibi," in ji Alhaji. "Hisab! Kanada!"

"Kanada nafar? Kam nafar?" Wato mutum nawa 'yan Kanada muka zuba a ciki.

"Ba mutane ba, kwanaki! Yaum! Yaum!"

Kafin ka ce me, baranda ta cika. 'Yan Filifin, Bafakistane mai tasi, wasu 'yan Habasha biyu da tawul a kai. Mai gadi ya kutsa ya leƙa bayan katan ɗin neman 'yan haya. Ni kuwa, ni 'yasu, tun da na ji hayaniya na laɓe a wurin da kwandon wanki a hannu.

"Wahid nafar!" Ya nuna ni. Ya kama mutum ɗaya.

"Matata ce! Madam! Shekara talatin!"

"Shekara talatin a bayan katan?" in ji Clara daga kicin. "Mama, ai da kin yi magana."

Dickson ne ya raba, shi da ke gyara wa mai gadin nan AC ɗinsa kyauta. Aka yi sulhu a kan katan su kwanta a ƙasa. Kwana huɗu muna tafiya a gefen bango kamar ƙadangaru, don duk wanda ya taka layi ya taka rayuwar Bilqis.

Ranar Talata ta sati na biyu ya tara mu. Ya sa hula.

"Shekara uku, dubu da casa'in da biyar. A ƙara saba'in. A cire fursunoni hamsin da bakwai. Dubu da ɗari da takwas. Rarar kwana sha uku. Khalas!"

Sannan ya zaro takarda daga aljihu. Tikitin Bilqis na jibi Alhamis ne. Ashe tun da rana ya je wurin abokinsa mai sayar da tikiti ya mayar da shi kwana uku bayan Sallah, ta je ta kwaso kaya kawai ta dawo.

"Baba!" Bilqis ta miƙe. "Ban duba a na'ura ba fa!"

"Za a duba. Ranar Arfa za ki buɗe na'urar taki ki tura takarda, ranar da ba a mayar da addu'a. Kafin nan fasfo na wurina."

Bilqis ta dubi katan, layuka reras kamar sojoji. Tun tana firamare ba ta taɓa bin bayan lissafin ubanta ba. Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, na riga na ga wani leshi ruwan zuma a kasuwar Naif, na riga na ga mu biyu a ciki ranar idi.

Na ce, "Babanki sau uku ya ƙirga."

Ta yi murmushi. "To. Dama na yi kewar naman Sallarki, Umma."

Jirgin Alhamis ya tashi babu ita. Na sayi leshin, na kai wa tela, ina tafe ina dariya ni kaɗai a titi.

Da ya tsaya nan, da ban san inda za mu ƙare ba. Amma Alhaji ba ya cin nasara a ɓoye. Ya ce sai an yi walima. Ya kama saman wani gidan abinci a Karama ranar Asabar bayan azahar, ya gayyato mutum arba'in, saba'in suka zo. Aka yi kek da jan ganyen tutar Kanada a kai. Ya sa babbar riga, ya naɗa wani mayafin ulu ja da fari a wuya, a Dubai, ana dab da bazara. Katan goma sha biyun nan kuwa a a-kori-kura aka kawo su, aka jera a bango don kowa ya gani. Dickson ya haɗa wayar Bilqis da babban talabijin, hotunanta cikin ƙanƙara na wucewa.

Malam Muhyiddeen, dattijon da ke ja mana tafsiri, ya buɗe da addu'a. Alhaji ya karɓi makirfo.

"Jama'a, Bature ya ƙera na'ura, amma wa ya ƙera kan Manaja?"

"Allah!" aka amsa ana tafi.

"Duk mai ɗa a London, ko Amurka, ko Jamus, ya kawo min. Ba na karɓar ko sisi. Abin sirri ne mai sauƙi: azumi zuwa azumi, shekara. Ba zan manta ranar da yarinyar nan ta tafi ba. Ɗaya ga azumi, zafi kamar a gasa gurasa, AC ɗinmu ya mutu, Dickson ga shi nan, shi ya gyara."

Wata mata a kusa da ni ta ce, "Wallahi an sha wuya a wancan azumin. Na bana kuwa har taga muke buɗewa."

Ina riƙe da cokalin kek. Sai na ajiye shi.

Ni ban wuce aji uku na sakandare ba. Amma shekara talatin ina dafa abincin buɗa-baki, na san azumi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kowace shekara sai ya matso da wajen kwana goma. Da zafi ta tafi, da sanyi ya cika na uku. To kwanakin da ya yi ta matsowa da su, suna ina a jikin katan?

Na dubi Bilqis, tana dariya da ƙawayenta. Na tuna leshina a wurin tela, an ce gobe za a gama. In na yi shiru, babu mai buɗe na'ura sai ranar Arfa, in yi Sallata da 'yata. Ranar Arfa kuwa saura kwana sha ɗaya ta fara aiki. In akwai giɓi, babu sauran lokacin cike shi.

Ban san sanda na miƙe ba.

"Alhaji."

"Murja, ana jawabi."

"Tambaya ce ƙarama. Ba kai zan tambaya ba, Malam zan tambaya. Allah Ya gafarta Malam, daga azumi zuwa azumi kwana nawa ne?"

Malam Muhyiddeen ya ajiye kofinsa. "Shekarar wata ai ɗari uku da hamsin da huɗu ce, Hajiya. Wani lokaci da biyar."

"To Alhaji nawa ka sa?"

Kowa ya juya ya dubi Alhaji.

"Shekara ai shekara ce," in ji Alhaji.

"Nawa ka sa, Baba Manaja?" Clara ta ɗaga murya daga layin baya.

"Ɗari uku da sittin da biyar! Kowa ya san haka!"

"Wannan ta rana ce," in ji Malam. "Ka auna da wata, ka biya da rana. Sha ɗaya sau uku, talatin da uku ka ƙara wa kanka."

"Malam, watan nan na Allah ne!"

"Na Allah ne. Ranar ma ta Allah ce. Fasfon ne na Kanada."

Wani ya fashe da dariya, sai ɗakin ya ɗauka. Alhaji ya ruga wurin katan yana nuna layuka. "Ku ƙirga! Ku zo ku ƙirga da kanku! In kun samu layi ɗaya da ya ɓace ku canza min suna!"

"Layukan lafiyarsu lau," in ji Bafakistanen nan mai tasi, wanda ba a gayyata ba, Dickson na fassara masa. "Kwanakin ne babu."

Bilqis ba ta yi dariya ba. Ta taka har gabansa, ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu. "Baba, fasfo."

Ya duba hagu, ya duba dama. Ya zaro ya ba ta.

Ta buɗe shafin nan a wayarta tana zuba ranaku daga hatimin fasfo. Ta manta wayar na haɗe da talabijin. Mutum saba'in muna kallo, har masu kawo abinci sun tsaya da tire a hannu. Ko minti goman ba a yi ba. Jimla ta fito, kowace lamba ta kai girman kan mutum: dubu da saba'in da biyar.

"Saura ashirin," in ji Dickson.

"Na'urar ba ta da alwala," in ji Alhaji.

Ya ja da baya don ya nuna wani abu a katan na farko, mayafin ulun ya maƙale a salatif. Katan na farko ya faɗo kan na biyu, na biyu kan na uku, haka suka yi ta bin juna har na sha biyu, wanda ya kwanta a kan kek. Jan ganyen ya manne a shekara ta uku.

Clara ta riƙe ciki. "Wayyo! Na ci shekara ɗaya an kusa kashe ni, ga shi kek ya ci uku!"

Ni ko kallonsu ban yi ba. Na kama hannun Dickson. "Ɗana, yau saura kwana nawa ta fara aiki?"

Ya ƙirga a waya, ya sake ƙirgawa. "Ashirin da uku, Mama. Ashirin na Kanada, biyu na jirgi."

"Ɗayan fa?"

"Ɗayan na Allah ne. In akwai kujera gobe da safe, za ta sha."

Nan walima ta koma ofishin tikiti. Kowa ya zaro waya. Masu kago na kiran 'yan'uwansu, mata na salati, Malam na jan Yasin a gefe, wani na ihu "Yalla, yalla, akwai jirgin da ke bi ta Istanbul!" wani na cewa ya cika. Abokin Alhaji mai tikiti, da ke ƙoƙarin sulalewa da cinyar kaza a hannu, mata huɗu suka tare shi a bakin matakala. Bai sauka ba sai da ya samo kujera ɗaya a jirgin safe.

Lahadi da hantsi muna filin jirgi. Tun daga gida kan Alhaji a sunkuye yake, har na fara tausayinsa. Muna isa layin awon kaya sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ka san, Dickson, a kamfani haka muke yi. Sai ka bar kuskure da gangan, ka ga ko ma'aikata na farke."

"Haka ne, Manaja."

"Murja ta ci jarrabawa."

Na ce na gode.

Bilqis ta rungume ni. Na ce ba zan yi kuka ba, na yi. Na ce kada ta kuskura ta leƙa ko bakin iyaka, ko an ce mata ana rabon zinariya a tsallake. Ta ce, "Umma, ki ajiye min leshin, zan sa ranar da na fara aiki." Ta durƙusa ta yi wa ubanta sallama, ya sa mata albarka da murya ƙasa-ƙasa. Ta ja akwati ta nufi ƙofar shiga.

Alhaji na kallon babban allon da ke nuna lokutan garuruwa. Sai na ga leɓensa ya fara motsi. Na ga yatsunsa sun fara lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya! Bilqis, tsaya! Yanzu ƙarfe nawa a can?"

Ta juyo. "Suna bayanmu da awa takwas, Baba."

"Allahu Akbar! To ai kullum kina cin ribar awa takwas ke nan! Takwas sau ashirin, ɗari da sittin. Kwana shida da 'yan kai! Sha huɗu kawai za ki yi. Murja, za ta riski suyar nama! Kawo tikitin nan in gyara!"

Ya nufe ta da hannu a miƙe.

Na sha gabansa, na buɗe hannuwa biyu kamar mai tare akuya. "Bilqis, gudu!"

Ta kuwa ruga, akwati na tsalle a bayanta, Clara na ihu "Kar ki waiwayo!", wani ɗan sanda na kallonmu ya rasa wa zai kama. Ba mu sake shi ba sai da ta ɓace a bayan gilashi.

A Metro har muka sauka yana ninka takwas, yana cewa an yi asarar kwana shida saboda taurin kan mata. Na ce masa ko kwana sittin ne a bar wa Kanada sadaka.

Amma da muka iso gida ya shiga wanka, na leƙa kicin na tarar da Dickson shi kaɗai yana shan ruwa. Na rufo ƙofa a hankali.

"Ɗana, tsakaninmu. Maganar awa takwas ɗin nan. Babu ko ɗan ƙamshin gaskiya a ciki?"

Ya sauke kofin, ya daɗe yana kallona.

"Mama," ya ce, "har ke?"